Filin Marubuta: Soyayya a Gidan Fir'auna

Wasiƙun wannan wata sun karkata ne ga masu son kai labarin soyayyarsu fadar Masar ta dā. Mun zaɓi shida daga Maradi da kewaye. Shekarun sarakunan da za mu ambata duk na kafin haihuwar Annabi Isa ne, Alaihis Salam, don haka lissafinsu baya-baya yake tafiya: 1400 ta riga 1300. Galibinsu kuma kintace ne na masana, ana samun ratar ƴan shekaru daga littafi zuwa littafi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a lise, ina kuma sakin labari feji-feji a WhatsApp. Ina so in rubuta soyayyar ƴar Fir'auna da wani magini mai aikin babbar dala. Nafartiti ce uwarta, Kiliyobatra kuma kishiyar uwar. Ƙawata ta ce hakan ba ya yiwuwa. Ta ina zan fara?
Daga wata ɗaliba, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikis salam, ƙanwata. Ƙawarki ta yi miki gata. An gina babbar dalar Giza ta sarki Kufu wajen 2560, Nafartiti ta rayu wajen 1350, Kiliyobatra ta mutu a shekara ta 30. Tsakanin magininki da surukarsa akwai shekara 1200, tsakanin uwar da kishiyarta akwai 1300. Kin zaunar da Bayajida da Ɗan Kasawa da gwamnan yau a tabarma ɗaya ke nan, har ma abin ya zarce haka.

Farkon aiki shi ne ki zaɓi sarki ɗaya, ki tsaya cikin shekarunsa. Shawararmu ki shiga zamanin da ake kira Sabuwar Daula, daga wajen 1550 zuwa 1070, domin a nan ne matan sarakuna suka bar sunaye da wasiƙu da kaburbura masu zane. Sai dai ki haƙura da dalar: sarakunan wannan zamani sun daina gina ta, ana haƙa musu kabari ne cikin dutse a Kwarin Sarakuna, ƙetaren kogi daga garin Luksor na yanzu. Magininki ya koma mai sassaƙa ko mai zanen kabari. Ƙauyen waɗannan ma'aikata, Deir al-Madina, yana nan har yau da kufansa, an kuma tono dubban guntayen rubutu da suka nuna albashinsu da bashinsu da rigingimun aurensu.

Bayan nan ki raba takarda gida biyu. A ɓangare ɗaya ki jera abin da aka samu a rubuce: wa ya haifi wa, wa ya auri wa, a shekara ta nawa ta mulki. Wannan ba ki da ikon taɓa shi. A ɗaya ɓangaren ki jera inda rubutun ya yi shiru. Nan ne gonarki.

Ga misali. Amanhotef na Uku ya yi mulki shekara 38, daga wajen 1390. Uwargidansa Tiye ba ƴar sarki ba ce, iyayenta Yuya da Tuya mutanen Akmim ne, kuma bai ɓoye ba: ya sa an sassaƙa buzuzu na dutse da yawa ɗauke da sunanta da na iyayenta aka rarraba. A shekararsa ta 10 aka kawo masa Gilukifa, ƴar sarkin Mitani ta can arewacin Siriya, da ƴan rakiya mata 317. Adadinsu aka rubuta, ba sunayensu ba. Mata 317, ba su jin harshen garin, ba mai komawa gida: ɗauki ɗaya ki raɗa mata suna, ba wanda zai ƙaryata ki. A cikin wasiƙun fada da aka tono a Amarna a 1887, waɗanda aka rubuta a kan allunan yumɓu, akwai wadda wani sarkin Babila ya nemi a ba shi ƴar Fir'auna, aka ce masa tun fil azal ba a aurar da ƴar sarkin Masar waje. Sai ya ce to a aiko masa da kowace kyakkyawa a ce ƴar sarki ce, wa zai musa? Da an aika, wace ce za a aika, wa kuma za ta baro a gida? Labari ya samu.

In kina son mai nauyi, ga na bazawarar da ta rubuta wa sarkin Hittiyawa, Suffiluliyuma, a ƙasar da take Turkiyya yanzu. Ta ce mijinta ya mutu, ba ta da ɗa, ta ji yana da ƴaƴa maza da yawa, ya ba ta ɗaya ya zama mijinta, don ba za ta auri baranta ba. Sarkin bai yarda ba sai da ya tura manzo ya gano gaskiya. Daga baya ya tura ɗansa Zannanza, yaron kuwa bai kai ga gadon sarauta ba, ya mutu, uban ya ɗora wa Misirawa jininsa ya kai musu yaƙi. Masana da yawa na ganin matar ita ce Ankesanamun, matar Tutankamun wanda ya mutu wajen 1323 bai kai shekara 20 ba. Wasu na cewa Nafartiti ce. Wanda ya hau gadon shi ne dattijo Ay. Watannin da ta yi tana jiran amsa, da manzon da ya yi ta kai-komo, da wanda ya tsegunta tafiyar ango, duk fili ne. Labarin sarauniya Hatshefsut da wakilin gidanta Senenmut kuwa, marubutan waje sun tattake shi, kuma ba wani rubutu da ya ce masoya ne.

Tambaya: Malamai barka da aiki. Ga babin farko na littafina a taƙaice, ku duba mini. Yarima ya iso a kan farin raƙumi ana yayyafi. Gimbiya na zaune a benen dutse sanye da shadda, tana duba fuskarta a gilashi. Kuyanga ta kawo shayi da soyayyar kaza da yaji. Ya zare takobin ƙarfe ya ajiye, ya jefa wa maroƙa tsabar kuɗin zinariya. Zamanin Ramsis na Biyu ne.
Daga wata marubuciya, Tasawa.

Amsa: Malama, in muka cire abin da babu shi a zamanin, daga gimbiya sai kuyanga za su rage a babin. Amma kowane abu da za mu cire yana da madadi, wasu ma suna cikin madafarki.

Raƙumi bai zama abin hawa da dako a Masar ba sai ƙarnuka bayan Ramsis, wanda ya yi mulki daga 1279 zuwa 1213. Yarima karusa yake hawa, mai ƙafa biyu, dawaki biyu ke ja, mutum biyu ke tsaye a ciki. Hawan bayan doki aikin ɗan saƙo ne, ba sirdi ba likkafa. Kaya na jaki ne, doguwar tafiya kuma ta jirgin ruwa ce. Kogin Nilu arewa yake gangarawa, iska kuma daga arewa take busowa. Mai zuwa kudu ya buɗe filafilan jirgi, mai zuwa arewa ya naɗe ya bi ruwa. Kada ki kai masoyi daga wannan babban birni zuwa wancan a kwana ɗaya, tafiyar makonni ce.

Yayyafin ma ki share. A kudancin Masar ana iya shekara ba a ga ruwan kirki ba. Daminarsu daga ƙasa take zuwa: kogi ya fara tasowa a Yuli, ya cika ya malale gonaki a Satumba, garuruwa su zama tsibirai, sannan ya janye ya bar baƙar laka. Wanda ya san yadda Gulbin Maradi ke cika fadama ya bar danshi ga masu lambu ya fahimci rabin abin. Shekararsu kashi uku ce, cikowa da shuka da girbi, kowane wata huɗu, kowane wata kwana 30, a ƙara kwana biyar a ƙarshe. Makonsu kwana goma ne, saboda haka ba ranar Juma'a ba kasuwar Litinin. A ban ruwan lambu suna amfani da jigo, irin namu sak.

Fada ba ta dutse ba ce. Dutse na ɗakin bauta ne da kabari, gidan sarki kuwa tubali ne na laka, a shafe shi da fari, a zana agwagi da kifaye da bado a daɓe da bango. Rufin soro ne, ana hawa a sha iska. Matashin kai na itace ne ko hauren giwa. Tufafi lilin ne, wanda ake saƙawa da zaren wata shuka, galibi fari; na gidan sarauta shara-shara ne da ninki ƙanana. Ba auduga, ba siliki, balle shadda. Launi a wuya da hannu yake: zinariya, da shuɗin dutse, da jan dutse irin tsakiya. Madubi faifan tagulla ne da aka goge. Kwalli maza da mata ke sawa. Manyan mata na ɗora gashin ari mai nauyi a kan nasu. Sabulu babu, da kanwa ake wanka da wanki, da ita kuma ake busar da gawa.

Abinci shi ne inda marubuta suka fi zamewa. Babu shayi, babu sukari, babu barkono, tumatir, masara, gyaɗa, shinkafa ko dankali. Kaza baƙuwar tsuntsuwa ce. Akwai gurasar alkama, zuma, dabino, ɓaure, inabi, rumman, albasa, tafarnuwa, kankana, gasasshiyar dinya da agwagwa, kifi da naman sa. Akwai goriba, har a kabarin Tutankamun an same ta. Akwai kurna, akwai man aduwa. Sannan ga wadda ya kamata ƴar jihar Maradi ta yi murna da ita: aya. A kabarin waziri Rekmire an zana yadda ake dakan aya a kwaɓa da zuma a yi ƴan curi. Sa kuyangarki ta kawo wannan. Abin sha na yau da kullum giyar sha'ir ce mai kauri, manya na da ruwan inabi. In ba ki son ambatonsu, madara da ruwan tulu sun ishe ki.

Makami tagulla ne, baƙin ƙarfe ya fi zinariya wuyar samu. Tsabar kuɗi kuwa babu su sam. Ana musayar kaya ne, a kimanta da wani ma'auni mai suna deben, kimanin giram 91 na jan ƙarfe. Jaki na kamawa daga deben 25 zuwa 40. Albashi hatsi ne: ma'aikacin kabarin sarki na karɓar buhu huɗu na alkama da ɗaya da rabi na sha'ir a wata, buhunsu kuma wajen lita 77. Kyautar sarki sarƙar zinariya ce da ake rataya wa mutum a wuya a gaban jama'a, sarki na leƙowa ta tagar fada. Wannan tagar ta fi jefa kuɗi ga maroƙa armashi, musamman in gimbiya na tsaye bayan ubanta, wanda ake rataya wa sarƙar kuma ba shi da ikon ɗaga ido.

Tambaya: Na karanta cewa sarakunan nan ƴan'uwansu na jini suke aure. Abin ya tayar mini da hankali. Dole ne in sa haka a labarina? Kuma yaya suke zance da ɗaurin aure?
Daga wata uwar gida, Ali Ɗan Sofo.

Amsa: Hajiya, ba dole ba ne. Gaskiya ne ya faru a gidan sarauta: Hatshefsut ta auri Tutmos na Biyu, ubansu ɗaya. Gwajin ƙwayar halitta da aka buga sakamakonsa a 2010 ya nuna iyayen Tutankamun wa da ƙanwa ne, shi kuma da lalurar ƙafa ya rayu. An sami ƴan tayi biyu a kabarinsa. Amma ba doka ba ce. Tiye ba ƴar'uwar mijinta ba ce, Nafartari matar Ramsis na Biyu ma ba a taɓa kiranta ƴar sarki ba. Talakawa kuwa ba al'adarsu ba ce a wannan zamani, yawancinsu ma mace ɗaya suke aure. In za ki taɓo shi, ki mayar da shi tarkon da jarumarki ke neman kuɓuta daga gare shi.

Abin da ke ruɗa masu karatu shi ne waƙoƙin soyayyarsu, waɗanda aka samu a takardun zamanin Ramsis, wasu na ajiye a Landan da Dablin da Turin. A ciki saurayi na kiran budurwa ƴar'uwata, ita tana kiransa ɗan'uwana. Lafazin ƙauna ne kawai, kamar yadda budurwa a nan ke ce wa saurayinta Yaya ba tare da sun haɗa kaka ba. Wannan ya faɗo daidai bakin Bahaushe, ki yi amfani da shi, amma ki bayyana tun a babin farko.

Abin da waƙoƙin ke juyawa a kai ma ba baƙo ba ne. Saurayi ya kwanta ciwon ƙarya don maƙwabta su zo dubiya ita ma ta biyo su. Wani ya yi burin zama mai wankinta, ko mai gadin ƙofarta ko da faɗa za ta riƙa yi masa. Wani ga ta a ƙetaren kogi, ga kada kwance a kan yashi, ya faɗa ruwan. Yarinya ta fita tarkon tsuntsu ta dawo hannu wofi, tana tunanin abin da za ta gaya wa uwarta. Kada ki kwafe su. Ki ɗauki kayan aikinsu, wato kogi, lambu, ƙofa, uwa da tsuntsu. A wurinsu zuciya ce mazaunin tunani, ba ƙwaƙwalwa ba, to nan ma Hausa ba ta da aiki. Wurin haɗuwa kuma bikin Ofet ne, a wata na biyu na cikowar kogi, lokacin da ake ɗauko gunkin Amun daga Karnak zuwa Luksor, tafiyar wajen kilomita uku, gari ya fito kamar ranar hawan Salla.

Ɗaurin aure ne ba ki da shi. Ba a sami wata shaida ta liman ko waliyyi ko taron shafa fatiha ba. Aure a wurinsu shi ne iyaye su yarda, mace ta tare da kayanta, a ce sun kafa gida. Mace na mallakar gona da bayi da sunanta, tana kai ƙara, tana da kashi ɗaya cikin uku na abin da suka tara tare, saki kuma na iya fitowa daga kowane ɓangare. Wata tsohuwa a Deir al-Madina, Naunakte, ta rubuta wasiyya ta hana wasu cikin ƴaƴanta takwas gadonta don ba su kula da ita ba. In kina son biki mai ƙura, ki bi auren ƙasa da ƙasa: a shekararsa ta 34 Ramsis ya auri ƴar Hattusili sarkin Hittiyawa, aka rako ta da garar dawaki da shanu da bayi da zinariya, bayan iyayenta sun daɗe suna ciniki da shi ta wasiƙa.

Tambaya: Littafi ba kishi ai miya ce ba gishiri. Na shirya matan Fir'auna cikin kulle, babanni na gadinsu, mowa da bora na kai wa boka kuɗi. Ya yi?
Daga wani marubuci, Sabon Gari.

Amsa: Malam, kishin ya yi, gidan ne ka aro daga Istambul. Ba a sami shaidar babanni masu gadin matan Fir'auna ba. Ma'aikatan gidan maza ne masu iyali, da magatakarda da masu kula da rumbu. Kulle ma ba irin wanda kake nufi ba ne. Gidan matan sarki da aka tono a Gurob, bakin Fayum, ma'aikata ce mai gonaki da shanu, babbar sana'arta saƙar lilin, manyan mata na lura da masu kaɗi da saƙa. Uwargida na da laƙabin Babbar Matar Sarki, tana fita tare da shi a bukukuwa, tana da dukiyarta. Nafartari ta yi musayar wasiƙa da kyauta da Fuduhefa matar sarkin Hittiyawa, mijinta kuma ya sassaƙa mata ɗakin bauta a Abu Simbel inda siffarta ta yi tsayi ɗaya da tasa. Uwar Sarki ita ma kujera ce mai ƙarfi. Mutumin da ya san matsayin Iya a fadar Maradi ko Inna a Tibiri ba zai sha wahalar gane mace mai sarauta da jama'arta a cikin fada ba.

Kishin nasu kuma ba na kwana da tukunya ba ne, na ɗan wa zai gaji gado ne. Wajen 1155 wata matar Ramsis na Uku, ita ma Tiye sunanta, ta ƙulla makirci don ɗanta Fentawer ya hau. Ta jawo manyan barorin fada, wata daga cikin matan ta aika wa ɗan'uwanta shugaban maharba a Kush, can kudu a Sudan ta yau, ya tayar da bore, aka ƙera mutum-mutumin kakin zuma don a kashe wa masu gadi jiki. To ga bokanka nan. Takardar shari'ar na Turin. An kashe da yawa, an bar wasu manya su kashe kansu, cikinsu har da Fentawer. An sauya wa masu laifi suna zuwa na la'ana, wani aka mayar da shi Ra-ya-ƙi-shi, Ra kuwa abin bautarsu ne. Wasu daga cikin alƙalan aka kama su suna shaye-shaye da matan da ake tuhuma, aka yanke musu hanci da kunne. An daɗe ana gardama ko sarkin ya tsira, sai a 2012 hoton na'ura ya nuna an yanka maƙogwaronsa har ƙashi. Ɗan da aka so a ture, Ramsis na Huɗu, shi ya hau. Takardar ba ta faɗi abin da aka yi wa Tiye ba. Babinka na ƙarshe ke nan.

Kuskuren da muke yawan gani a irin wannan labari shi ne a sa talaka ya haura katanga ya shiga ɗakin gimbiya dare bayan dare. Ka ba shi dalilin shiga da rana: likita, magatakardan rumbu, mai koyar da kiɗan molo, mai auna zare. Saƙo kuma ya bi ta hannun mai raino, wadda a fadarsu take da girma ƙwarai. Ita ce jakadiyarka.

Tambaya: Ɗiyata ce ke wannan rubutu, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Fir'auna da munka sani maƙiyin Allah ne. Yaya za a yi a ƙawata gidansa da soyayya?
Daga wani dattijo, Madarumfa.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Hukuncin halas da haram na malamai ne, a kai musu. Abin da za mu iya bayarwa na tarihi ne. Fir'auna laƙabi ne, asalinsa kalma ce mai nufin babban gida, kamar yadda ake cewa fada ta ce. Gidajen sarauta 30 aka lissafa a tsawon kusan shekara 3000. Alƙur'ani bai ambaci sunan Fir'aunan Annabi Musa ba, a Suratu Yusuf kuma sarki aka kira mai mulkin lokacin. Masu cewa Ramsis na Biyu ne ko ɗansa Marnafta hasashe suke yi.

Shawararmu ga ɗiyarka ita ce kada ta saka wani Annabi a cikin ƙagaggen labari, kada ta taɓa Nana Asiya, kada kuma ta ce sarkinta shi ne wancan. Bautarsu ta faɗe ta a matsayin abin da mutanen labarin suka yi imani da shi, ba da bakin mai ba da labari ba. Haka kuma kada ta musuluntar da su don ta huta. Gimbiya mai cewa in sha Allahu tana shiga ɗakin gunki ta fi ruɗa yaro mai karatu.

Tambaya: Sunayen na karya mini harshe, masu karatuna ma na ƙorafi. Kuma tun da ana cewa mu Gobirawa daga Masar muka fito, zan iya sa jarumina ya zama Bagobiri?
Daga wani ɗalibin jami'a, Tibiri.

Amsa: Ɗan'uwa, su ma kansu suna gajarta suna, Ramsis na Biyu Sese ake ce masa. Ga mutanen da ka ƙirƙira ka ɗauki gajeru irin nasu: Kiya, Tuya, Meri, Henut, Huy, Ifi. Kada biyu su fara da harafi ɗaya. Lambar na Biyu da na Uku masana ne suka liƙa, ba ta fitowa a bakin bafade. Ba a kiran sarki da sunan yanka, ana faɗuwa a sumbaci ƙasa, in an ambace shi a bi da rai, wadata, lafiya. Ranka ya daɗe ya wadatar. Ƙasar a bakinsu Kemet ce, wato baƙar ƙasa, Luksor Waset ce, Nilu kuwa kogi kawai suke ce masa.

Zancen asalin Gobirawa sananne ne, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo a Infaƙul Maisuri cewa ana danganta su da Kibɗawa. Amma ba wani rubutun Masar ta dā da ya ambaci Gobir, in ka sa Bagobiri mai tsage a fadar Ramsis ka fita daga tarihi ka shiga tatsuniya. Abin da kake nema yana Kush, a Sudan ta yau. Sarakunanta sun mulki Masar a matsayin gida na 25, daga wajen 740 zuwa 660. Taharka ya bar uwarsa Abar yana ɗan shekara 20, ba su sake haɗuwa ba sai da ta yi doguwar tafiya arewa ta same shi bisa gado. Gimbiyarsu Amanirdis an naɗa ta Matar Amun a Waset, muƙami mai gonaki da ma'aikata, wanda masu riƙe shi a wannan zamani ba a san su da miji ba, ƴar riƙo ke gadonsu. Mace mai iko da rabin ƙasa wadda aure ya haramta gare ta: ba ka buƙatar ƙirƙiro wani shinge.

Jarumin kuwa ka auna shi da Fiye, ɗaya daga cikin sarakunan Kush ɗin nan. Allon dutsen da ya bari a Jabal Barkal ya ba da labarin yadda ya ci birnin wani sarki mai suna Nimlot bayan ya yi masa zobe. Aka fito masa da matan sarkin da ƴaƴansa mata suna gaisuwa, bai ko dubi inda suke ba. Ya wuce barga, ya tarar dawaki sun rame da yunwa, ya ce wannan ya fi masa ciwo a kan duk laifin da Nimlot ya yi. A maƙabartarsu ta Kurru an tono dawakin sarakunan gidan an binne su a tsaye da adonsu. Ka sa jarumarka cikin matan da aka ƙi kallo a ranar nan, ka ba ta sanin maganin doki, ka tura ta barga.